Lissafin aro ba ya rufe katara: wa ke auna ruwan da iska ke kwashewa a Tiga?

A watan Afrilu, idan ka bi titunan Nassarawa GRA da tsakar rana, za ka ga abu biyu da ke harare da juna. A cikin wasu gidajen mai lambu na riƙe da tiyo yana fesa wa ciyawa ruwan burtsatse, kafin ya juya baya simintin da ya jiƙe ya bushe ƙayau. A bakin titi kuma 'yan garuwa ne ke tura kura cike da jarkoki, sun nufi unguwannin da famfo ya daɗe da zama kayan ado. Duk wanda ka tambaya ina ruwan Kano yake tafiya yana da amsa a bakinsa: bututu sun tsufa, wutar lantarki ba ta isar matata, jama'a sun ninka. Kowace amsa da gaskiyarta. Amma da wuya ka ji an ambaci babban mai shan ruwan jihar nan, wanda ba shi da mita, ba a kuma kai masa takardar biya, wato iskar da ke kan mu.

Ƙorafina shi ne: mun gina manyan madatsu, mun shimfiɗa noman rani a kan dubban hektoci, muna kuma maganar ƙarawa, alhali adadin ruwan da ke tashi sama daga tafkunanmu da gonakinmu mun bar shi a hannun ƙiyasi. Ƙiyasin ma na aro ne, daga samfuran lissafi da aka ɗinka su a kan yanayin wasu ƙasashe, muna saka su ba tare da mun gwada su a jikinmu ba. Ba na adawa da samfuran. Ina adawa da yadda muke karɓar abin da kwamfuta ta tofar kamar wahayi.

Ruwa na barin ƙasa ta hanya biyu. Ta farko ita ce ƙafewa kai tsaye daga saman tafki, magudana ko jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta biyu ita ce gumin tsirrai: saiwa ta zuƙo ruwa, ya hau kara, ya fita ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye. Masana ilimin ruwa kan haɗe su biyun su ba su suna guda, domin a gona ba a iya raba su cikin sauƙi. A nan zan kira haɗin nasu tashin tururi. Bahaushe ya san aikinsa tun kaka da kakanni. Ruwan randa na yin sanyi ne saboda abin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana ƙafewa, ƙafewar kuma na tafiya da zafi. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da ke sanyaya randa shi ne ke rage tafki.

Ana auna tashin tururi da milimita, kamar yadda ake auna ruwan sama. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. A riƙe wannan, domin a kansa sauran maganar za ta hau.

Ruwan saman da Kano ke samu a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, kuma kusan dukkansa na sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Abin da iska ke iya kwashewa daga buɗaɗɗen ruwa a wannan yanki kuwa ya kai wajen milimita 2,000, wato tsawon mita biyu. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, an tsara tafkinta ya mamaye murabba'in kilomita 178 idan ya cika. Ba kullum yake a cike ba, don haka mu sassauta, mu ɗauka a matsayin misali cewa faɗinsa a tsakaice murabba'in kilomita 120 ne. Mita biyu a kan wannan faɗi ya ba da mita-kubik miliyan 240 a shekara, wato sama da lita miliyan 650 a kowace rana. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne don tace lita miliyan 150 a rana. Ke nan abin da iska ke sha a Tiga kaɗai ya ninka ƙarfin Tamburawa fiye da sau huɗu. Damina na mayar da wani kaso ta ruwan da ke sauka a kan tafkin, amma daga Oktoba zuwa Mayu fita ce kawai babu shiga. Kuma ba mu sa tafkin Challawa da ke Ƙaraye a lissafi ba, wanda aka kammala a 1992, balle Watari da Bagauda da sauran ƙananan madatsu.

Wannan lissafi nawa ne, na bayan ambulan, kuma zan yi murna idan wani injiniya ya zo da alƙaluman awo ya gyara mini. Gyaran nake nema.

To ga lissafin da ya fi tayar mini da hankali. Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ya ratsa Kura, Bunkure da Garun Malam, yana shayar da kimanin hekta 15,000. Idan wanda ya ƙiyasta buƙatar amfanin gona ya kuskure da milimita ɗaya tak a rana, kuskuren nasa a kan wannan faɗi lita miliyan 150 ne a kullum. Daidai da Tamburawa sukutum. Samfuran da ake amfani da su kuwa, idan ka ba su bayanan wuri guda da wata guda, saɓanin milimita ɗaya a tsakaninsu ba abin mamaki ba ne, musamman a ƙasa mai fari irin tamu.

Me ya sa ake buƙatar samfuri tun farko? Saboda tururi ba ya ganuwa, ba a kuma iya tara shi a bokiti. Hanyar awo mafi sauƙi ita ce daron ƙarfe mai faɗin santimita 120 da ɗoriya da zurfin santimita 25, a zuba ruwa, a riƙa duba abin da ya ragu kowace safiya. Sai dai daro ba tafki ba ne: ƙarfensa na ɗaukar zafi, don haka akan ninka abin da ya nuna da wajen 0.7 kafin a kwatanta shi da babban ruwa. Hanya mafi inganci ga gona ita ce a yanko wani ɓangaren ƙasa da shukar da ke kai, a sa shi cikin babban akwati a binne daidai da gonar, a ɗora kan sikeli, a riƙa ganin nauyin da ke raguwa. Akwai kuma hasumiya mai na'urorin da ke auna tururin da iska ke ɗagawa sau da dama a cikin daƙiƙa guda. Waɗannan biyun na da tsada, suna kuma son kulawa. Don haka masana suka ƙirƙiro lissafin da zai ɗauki abin da tashar yanayi ke iya aunawa, ya fitar da ƙiyasi.

Kowane lissafi kuma da garinsu. A 1948 Charles Thornthwaite ya fitar da nasa a Amurka, wanda ya dogara da zafin iska da tsawon yini, aka kuma daidaita shi da yankuna masu laima. Sanannen abu ne cewa yana rage adadi a ƙasashe masu bushewa. A wannan shekarar dai Howard Penman, a cibiyar Rothamsted ta Ingila, ya haɗa ƙarfin hasken rana da ƙarfin busarwar iska a lissafi guda. A 1965 John Monteith ya ƙara masa yadda ganye ke tsuke ƙofofinsa. Na Blaney da Criddle ya fito daga gonakin yammacin Amurka a 1950, na Hargreaves da Samani kuma, na 1985, an gina shi a kan awon ciyawa a Davis ta Kalifoniya. A 1998 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da kundinta mai lamba 56, ta tsayar da lissafin Penman da Monteith a matsayin mizani. Abin da yake fitarwa shi ne ruwan da wata ciyawa ta misali, mai tsawon santimita 12, wadda ba ta taɓa jin ƙishi ba, za ta sha. Sai a ninka wannan da wani adadi na kowace shuka: shinkafa a tsakiyar girmanta wajen 1.2, alkama da tumatir wajen 1.15, gero wajen 1.0.

Lissafi ne mai kyau, ya kuma tsaya a kan ilimin kimiyya na gaske. Amma yana da ci. Yana son zafin iska, danshinta, gudunta da hasken rana, a auna su a wurin, a kan fili mai ciyawa da ake ba ruwa. A nan gizo ke saƙar.

Tashar yanayin da aka fi dogara da ita a Kano tana filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, cikin busasshiyar ƙasa da kwalta, ga birni ya kewaye ta. Tiga na can kudu, tafiyar kilomita 70 ko makamancin haka. Iskar da ke kan titin jirgi ta fi ta kan gonar shinkafa zafi da bushewa, saboda haka idan ka zuba bayananta a lissafi ba gyara, zai iya ba ka adadin da ya zarce gaskiya. Idan kuma ka gudu zuwa lissafin da zafi kaɗai yake dubawa, hunturu zai yaudare ka: gari ya yi sanyi, lissafi ya ce shuka ba ta shan ruwa sosai, alhali iskar arewa maso gabas, wadda ke tsaga leɓe da dugadugai, tana tsotse gona. Ga ƙura tana tare hasken rana ta yadda awon sa'o'in hasken ba ya nuna ainihin ƙarfinsa. Ga kuma abin da ke faruwa da koren fili a tsakiyar fako: busasshiyar iska mai zafi ta taso daga gefe ta ratsa shi, ta kwashi fiye da abin da hasken rana shi kaɗai zai iya tayarwa. Kuskuren na iya zuwa ta sama, yana iya zuwa ta ƙasa, kuma babu mai sanin inda ya karkata sai wanda ya auna.

Kundin FAO ɗin da kansa ya yi gargaɗi. Ya ce adadin shukokin da ke jadawalinsa na yanayi ne mai matsakaicin danshi, inda mafi ƙarancin danshin iska a yini ke wajen kashi 45 cikin 100, iska kuma na gudun mita 2 a daƙiƙa, ya kuma ba da hanyar gyara ga wuraren da suka saɓa. A Kano, cikin Fabrairu da Maris, danshin iska da rana na sauka ƙasa da kashi 20. Wanda ya kwafi jadawalin bai yi gyaran ba, ya saɓa wa littafin da yake jingina da shi.

Na taɓa karanta wani rahoton share fage na wani shirin noman rani a Arewa, wanda wani kamfanin tuntuɓa ya rubuta. Jadawalin buƙatar ruwa ya sha kwalliya, kowane wata da adadinsa har lamba biyu bayan ɗigo. Na bi shafi-shafi ina neman tashar da aka ɗauko bayanan, shekarun da suka ƙunsa, da iyakar kuskuren da marubutan ke zato. Abin da na samu layi ɗaya ne, mai cewa an yi amfani da wata manhaja. Lamba biyu bayan ɗigo a kan bayanan da ba a san asalinsu ba ado ne kawai, irin na mai duba da ya sa tabarau.

Abin takaicin shi ne mun taɓa kama hanya. A 1984 wani masani ɗan Nijeriya, J. O. Duru, ya wallafa lissafin da ake kira Blaney-Morin-Nigeria, wanda ya sa danshin iska a ciki domin ya dace da yanayinmu. Sama da shekara arba'in ke nan. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa suna da cibiyar AGRHYMET a Yamai tun 1974. A 1992 aka gudanar da babban gwajin HAPEX-Sahel a gabashin Yamai, inda aka auna musayar ruwa da zafi tsakanin ƙasa da iska a gonakin gero da saura, daga baya kuma aka kafa hasumiyoyin awo na dindindin a Wankama. Masu gina samfuran duniya da suke son sanin ko lissafinsu na aiki a Sahel, can suke zuwa neman abin gwaji. Mu da muke da Tiga da Kadawa, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ga Cibiyar Noman Yankuna Masu Fari ta Jami'ar Bayero, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, masana ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ya yi kaɗan shi ne masu riƙe da kasafi da ke ganin awo a matsayin aiki.

Na san abin da za a ce, kuma ya kamata a amsa.

Za a ce tauraron ɗan'adam ya raba gardama. Lallai ya kawo sauyi. Koren ganye mai gumi ya fi busasshiyar ƙasa sanyi, kuma taurari irin su Landsat na iya ganin wannan bambanci, sai samfura irin su SEBAL, na Wim Bastiaanssen ɗan ƙasar Holan, su mayar da shi milimita. Tun 2017 FAO ta buɗe rumbun WaPOR, kyauta, mai nuna tashin tururi a faɗin Afirka. Ya kamata kowane ofishin ruwa a Arewa ya iya aiki da shi. Sai dai tauraro ma ƙiyasi yake yi. Gajimare na rufe masa ido da damina, ƙura na dagula masa gani da hunturu, ɗigo guda a hotonsa na iya haɗe gonakin mutum goma, kowa da abin da ya shuka. Jihar Idaho ta Amurka na amfani da irin wannan lissafi, mai suna METRIC, wajen sha'anin haƙƙin ruwa, amma sai da aka gwada shi da awon sikeli a gonakinsu. Tauraro na ƙara wa tashar ƙasa daraja ne, domin tasha guda mai kyau na iya daidaita hoton dubban hektoci.

Za a ce ai ba a hana rana aikinta, to mene ne amfanin sani? Amfaninsa shi ne duk wata shawara babba a kan ruwa shawara ce a kan tashin tururi. Ruwan da ya tsiyaye daga magudana ya shige ƙasa bai ɓace ba, mai rijiyar fadama zai jawo shi, ko ya koma kogi. Wanda ya tashi sama shi ne ya bar mu. Kuma a cikinsa akwai mai riba da marar riba: gumin alkama na zama hatsi, ƙafewar kwantaccen ruwa da gumin kacala, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗejiya, ba sa zama komai. Ko a shuka shinkafa a bazara ko alkama a hunturu, ko a riƙe ruwa a faffaɗan tafki ko a sake shi da wuri, ko a gina madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda aka shekara da shekaru ana jayayya a kanta, duk amsoshinsu na rataye a kan milimitocin nan.

Za a ce ruwa ya yi mana yawa ma, tunda ambaliya ke cin Jigawa. Littafin lissafin ai guda ne. Wanda bai san abin da zai rasa daga Nuwamba zuwa Mayu ba, tsoro zai sa ya cika tafki maƙil, sai ruwan Agusta ya tarar babu masauki. Fashewar Bagauda a 1988 da ta Alau a Satumban 2024 suna da dalilansu na daban, amma sun isa su tuna mana cewa kula da madatsa ba aikin kintace ba ne.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin ɗakin da ake yanke shawara. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, wanda ke shayar da dausayin Haɗejiya da Nguru kafin ya nufi Gashuwa da Tafkin Chadi. Masunta, makiyaya da manoman fadama na can sun ga yadda malalar da suka dogara da ita ta ragu bayan gina madatsu. A 1998 Edward Barbier da Julian Thompson suka wallafa binciken da ya nuna cewa ribar manyan shirye-shiryen noman rani na sama ba ta kusa cike asarar da aka jawo wa dausayin ba. A 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da wannan kwari. Amma ta yaya za a yi rabon adalci idan kaso mafi girma a kan tabarma ba a san adadinsa ba? Kowane milimita da aka rage a takarda a Kano, wani ne a Nguru ke biyansa da kifinsa ko shinkafarsa.

Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014, na kusan dala miliyan 500, don gyara noman rani, Kogin Kano da kwarin Haɗejiya na cikin waɗanda suka amfana. A ƙasar da ake kashe irin waɗannan kuɗi a kan siminti, tashar yanayi mai sarrafa kanta, wadda kuɗinta bai kai na motar ofis guda ba, ba za a ce ta gagara ba. Ga abin da nake ganin ya wajaba mu nema.

A kafa tashoshin awo a Tiga, Challawa, Kadawa da Haɗejiya, a kan fili mai ciyawa kamar yadda ƙa'ida ta tanada, a sa kuɗin kula da su a kasafin kowace shekara, a kuma zuba bayanansu a intanet kullum, kyauta. Kalifoniya na yin haka tun 1982, manomi na duba milimitocin jiya kafin ya kunna famfo. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta riƙa wallafa lissafin kowane tafki wata-wata: abin da ya shigo, abin da aka saki, abin da ya tashi, da sunan hanyar da aka bi wajen ƙiyasta shi. Kada wata ma'aikata ta karɓi rahoton shirin ruwa da bai faɗi samfurin da ya yi amfani da shi ba, tashar da ya dogara da ita, shekarun bayanan, da faɗin kuskurensa. A ba jami'o'inmu kuɗin auna shinkafa, alkama da tumatir a kan sikeli a Kadawa na tsawon shekaru, su kwatanta da abin da tauraro ke faɗa, su gaya mana wane lissafi ne ya dace da hunturunmu. Sannan gidajen rediyon Kano, da manomi ba ya rabuwa da su, su riƙa sanar da buƙatar ruwan mako da Hausa, kamar yadda suke sanar da farashin hatsi a Dawanau.

Mu kuma 'yan jarida, lauyoyi, likitoci da ma'aikatan banki da ke zaune a unguwanni irin tawa, muna da namu laifin. Burtsatse ta sa mun cire kanmu daga zancen ruwa, sai ranar da ta fara jan laka. Ba sai mun zama injiniyoyi ba kafin mu iya yin tambaya. Duk ranar da wani jami'i ya tsaya gaban makirfo ya ce sabon shiri zai shayar da hekta dubu kaza, a samu mai ɗaga hannu ya ce: Ranka ya daɗe, milimita nawa a rana kuka lissafa, a wace tasha aka auna, kuma idan kun kuskure da guda ɗaya, ruwan wa za a rage?